Mai Abincin da Aka Kora Ba a Ji Ta Bakinta Ba

Ni mai fentin mota ne, ko in ce a da, don yanzu ƙirjina ya daina ɗaukar warin fenti. Ƙuruciyata da rabin tsufana a wani gareji na yi su a unguwar Kakuri da ke Kaduna, irin babban filin nan da aka kewaye da langa-langa, kowa da rumfarsa a ciki: makanikan inji, masu bugun bodi da walda, masu wayar wutar mota, masu facin taya, sai mu masu fenti can ƙurya inda ƙura ba ta cika isowa ba. Abin da zan ba da labarinsa ya faru ne a shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, kuma ban taɓa neman ya huce ba.

A tsakiyar garejin akwai wata tsohuwar darbejiya, a ƙarƙashinta kuma kujerar baya ta wata bas da ta mutu tun kafin in zo. Benci muke ce mata. Mutum biyar take ɗauka, kuma mutum biyar ke hawanta, kowace sana'a ta ba da babbanta guda. Ni ne na masu fenti. Dokar da muka gada wajen waɗanda suka share filin ita ce, ba a korar kowa daga gareji sai ya tsaya gaban benci ya faɗi ta bakinsa, ko me ya yi. Na ga wanda aka kama da batirin kwastoma a cikin buhu, aka tsayar da shi, ya yi ta zuba ƙarya har ya gaji don kansa, sannan aka ce ya kwashe kayansa. Na ga kuma wanda kowa ya rantse shi ya sace jak ɗin ɗaga mota, da ya buɗe baki sai ga shi aro aka ba shi, mai jak ɗin ne ya manta. Muna da ciyaman, amma ba ya hawa benci, a gefe yake tsayawa. Makullin ƙofa na hannunsa, shi ke tarar 'yan sanda da masu haraji, kuma abin da benci ya yanke shi yake aiwatarwa.

Haka muke har wani hafsan soja ya fara kawo motarsa wajen wani bakanike a cikinmu, mutumin da ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa. Wata rana hafsan ya zo da kuratansa, ya tara mu a rana, ya ce ya ji garejin nan ba shi da tsari, daga yau ga ciyaman ɗinku. Wa zai ce a'a? Daga ranar benci ya koma wurin shanya tsumma. Mutumin nan ya ci karensa babu babbaka. Ya kori wanda ya ga dama, ya ba ƙannen matarsa rumfuna, in ka yi magana ya ce zai aika bariki. Shekaru muka yi a haka. Da aka fara maganar zaɓe, aka kuma yi wa hafsan canjin wurin aiki, sai ga ciyaman ya fara gaishe mu da safe har da tambayar iyali. Ba mu jira an rantsar da shugaban ƙasa ba muka karɓe makullinmu.

Duk wata mahawara ta garejinmu a rumfar Mama ake yin ta. Mama ita ce mai abincinmu, 'yar kudancin Kaduna, tana zaune a unguwar Television da 'ya'yanta. Mijinta ma'aikacin masaƙa ne, ya rasu ya bar mata su ƙanana, da tukwanen nan ta rene su. Ta riga ni zuwa garejin. Murhunta tsofaffin wilin mota ne, a kansu take dafa shinkafa da wake da tuwo, ranar Asabar kuma ta yi gwate. Ta san wanda ba ya son yaji, ta san wanda likita ya hana gishiri, da azumi kuma takan sa labule ta kare tukwanenta daga idon masu azumi. Bakinta kuwa ba ya shiru. Ni Mai kala-kala take ce min, wai ba ta taɓa ganin hannuna da launi ɗaya ba.

A lokacin ba abin da rediyon da ke rataye a rumfarta yake yi sai maganar tsarin mulki. Wannan ya ce an cika wa shugaban ƙasa iko, wancan ya ce ai majalisa na nan za ta taka masa birki, wani ya ce a koma irin na da mai firaminista. Mu ma sai muka ɗauka, tunda ga mu da makulli a hannu ba mu san yadda za mu ba da shi ba. Wanda za a ba, ba a yi gardama a kansa ba. Alhaji ne, mai bugun bodi, dattijo mai sanyin magana da bai taɓa cin haƙƙin wanda ke ƙarƙashinsa ba. Ranar da matata ta yi doguwar naƙuda, shi ya ajiye guduma ya kai mu asibiti a motarsa. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ce ƙiyayya ce ke sa ni magana. Gardamar ita ce me za a haɗa masa da shi bayan makullin.

Babban makanikan inji wani ɗan ƙabilar Ibo ne daga Sabon Tasha, Oga muke ce masa, Hausar bakinsa ta fi ta wasunmu. Shi ya fara jan magana wata rana muna cin abinci. Ya ce, "Ku ji, benci ɓata lokaci ne. Kun manta maganar kwalbati? Damina guda mutum biyar suna zama suna tashi, wannan ya ce a bi da ruwan ta gabas, wancan ya ce ta yamma, har ruwa ya shiga rumfata ya cika min injuna da laka. A ba mutum ɗaya iko. In ya yi mu gani, in ya ɓata mu san wanda za mu kama. Ko ƙasar ma ai shugaba ɗaya aka zaɓa, ba biyar ba."

Maganar kwalbati gaskiya ce, ban musa ba. Na ce masa, "Oga, injunanka an wanke su, ga ka nan kana aiki. Waɗanda wancan ciyaman ya kora fa, wa ya dawo da su? Jiya-jiya muka fita daga hannun mutum ɗaya, yau kuma da ƙafarmu za mu koma?"

Ya ce, "Wancan mugu ne. Wannan Alhaji ne."

Na ce, "Ba Alhaji za mu ba iko ba, kujera za mu ba. Alhaji zai tashi wata rana, kujera na nan. Kuma ko shi Alhajin, ba ya fushi ne? Ba ya jin tsoro? Ba a yi masa ƙarya?"

Sai Baba mai waya ya sa baki, shi ne mafi tsufa a kan benci. Ya ce, "Ku ba ku da wayo lokacin mulkin farar hula na baya. A garin nan aka zaɓi gwamna, majalisa ta sa shi gaba. Ya kawo waɗanda zai yi aiki da su, su watsar, ya sake kawowa, su watsar, har suka tsige shi. Me talaka ya samu? Ni na gaji da kai ruwa rana. A bar benci ya riƙa ba da shawara, ciyaman ya yanke."

Na ce, "Baba, shawarar da mutum zai iya ji ya zubar a kwata ai hira ce." Aka yi dariya. Mama tana zuba wa wani miya ta ce, "Mai kala-kala, kai dai ba a raba ka da rigima. Ku bar bawan Allah ya yi aiki mana. Ni dai a gyara min kwatar nan da ke bi ta bayan tukunyata." Ita ba ta da ƙuri'a, don sayar da abinci ba ya cikin sana'o'in nan biyar, amma maganarta ta fi tawa shiga kunnen mutane.

Ranar da aka taru za a yanke, na sauko ƙasa sosai. Na ce na yarda, a ba ciyaman kwalbati, a ba shi ƙofa da wutar lantarki da duk wata hulɗa da hukuma, ya yi yadda ya ga ya dace ba sai ya tambayi kowa ba. Abu ɗaya kawai a bar wa benci, korar mutum. A faɗa a gaban kowa cewa ciyaman ba zai fitar da kowa daga filin nan ba sai mutum biyar na benci sun ji ta bakinsa sun amince. Alhaji yana zaune a wurin. Ya ɗago kai ya dube ni, ba da fushi ba, ya ce, "Malam, yanzu kana ganin ni zan kori mutum ban ji ta bakinsa ba?"

Nan magana ta mutu. Kowa ya sunkuyar da kai kamar na zagi ubansa a gabansa. Kunya ce ta kashe mu, irin kunyarmu da ba ta bari ka ɗaure dattijon kirki da sharaɗi yana kallonka. In ka ce a yi doka, wai ka zarge shi ke nan. Baba mai waya ma har ya ba Alhaji haƙuri a madadina, abin da na kwana biyu ina jin zafinsa. Aka ce a ɗaga hannu, aka ɗaga. Ni da wani mai faci ne kaɗai hannunmu bai tashi ba, shi ma daga baya ya ce min kafaɗarsa ce ke ciwo.

Kuma Alhaji ya yi aiki, wannan ba zan ɓoye ba. Kafin damina ta yi nisa an gama kwalbati, an bi da kwatar Mama ta wani wuri, an sa wa ƙofa sabon ƙarfe, 'yan iskan da ke shigowa suna kwance madubin mota sun daina. Ni kuwa na zama abin tsokana. In na shigo rumfar Mama sai a ce a ba Honorabul ɗan adawa wuri. Oga ya kan nuna min kwalbatin ya ce in je in tsige shi. Nakan yi dariya tare da su, don mutum ba ya fushi da abu mai kyau.

Sai wata Lahadi da rana, gareji a kulle, gobara ta tashi. Akwai wata mota mai tsada ta wani da siyasa ta buɗe wa hanya a shekarar, an kawo ta wajen Alhaji a buga mata gefe. An ajiye ta tsakanin rumfar Mama da rumfar masu waldar Alhaji, inda tukunyar kabaid ɗin da suke hura wutar walda da ita da tulun gas suke. Kafin maƙwabta su haura langa-langa da ruwa da yashi, motar ta ƙone sai ƙarfe, rabin rumfar Mama ma ya tafi. Me ya ta da wutar? Ban sani ba, har yau ban sani ba. Ko garwashin Asabar ne ya kwana a murhu, ko kayan walda ne, ko wayar lantarkin da aka ja ta saman rumfunan nan ce, ko guntun sigarin wani. Duk mai cewa ya sani ƙarya yake yi, don ba wanda ya bincika.

Litinin da safe mai motar ya zo da 'yan sanda, yana ta kumfar baki, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Ya ce sai an garƙame garejin, sai an kwashe mu gaba ɗaya. Ina kallon Alhaji, gumi ya jiƙa masa riga. Ban taɓa ganin sa haka ba. Ya dubi motar, ya dubi rumfar masu waldarsa, sannan idonsa ya tsaya a kan murhun Mama. Ya ce da mai motar, "Ranka ya daɗe, ga inda ta tashi. Wuta ba ta da wani wuri a garejin nan sai nan. Kuma yau mai ita za ta bar mana fili."

A daidai lokacin Mama ta sauka daga kan acaɓa da kayan miyarta a buhu. Ba ta ma san an yi gobara ba. Ta tsaya tana kallon rumfarta, buhun na hannunta. Alhaji ya ce, "Mama, ki kwashe abin da ya rage naki. Daga yau kada ki sake shigowa ƙofar nan."

Ta ce, "Alhaji, tsaya in gaya maka, ranar Asabar ni..."

Ya ce, "Na gama magana."

Aka fitar da tukwanenta baƙi ƙirin aka jera a bakin titi. Mai motar ya ga an hukunta wani, ya ɗan sauko, suka koma gefe da Alhaji suna magana ƙasa-ƙasa, 'yan sanda suka hau motarsu suka tafi. Mutanen da matar nan ta ciyar shekara da shekaru suna tsaye kowa ya yi tsuru-tsuru, wasu ma har sun koma ƙarƙashin mota kamar akwai wani noti da ba zai jira ba.

Ni ban iya ba. Na tare Alhaji a gaban rumfarsa na ce, "Ka ji ta bakinta?"

Ya ce, "Malam, da ban yi haka ba da yanzu garejin nan na kulle. Gidaje nawa ke ci a nan?"

Na ce, "Motar a hannun wa take? Tukunyar kabaid ɗin can ta wa ce? Kai ne wanda ya kamata a fara tambaya, kuma kai ne ka yanke hukunci. A ina aka taɓa yin haka?"

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Ku kuka ba ni."

Kuma gaskiya ya faɗa, wannan ne ya fi ƙona min rai. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi, mun saba da mugu. Wannan mutumin kirki ne da tsoro ya kama shi da safe, ya duba ya ga wa ya fi sauƙin turewa, ya ga macen da mijinta ya rasu, ba ta da ƙuri'a. Da benci na da haƙori a ranar, da shi kansa ya samu abin faɗa wa mai motar, ya ce ranka ya daɗe ba ni da ikon korar kowa sai an zauna. Mu muka cire masa wannan mafakar, muka bar shi shi kaɗai da tsoronsa, wai don muna girmama shi.

Abin bai tsaya a rumfa ba. Labari ya zaga garejin Kakuri da na Television cewa ita ce ta ƙona motar babban mutum. Duk inda ta je neman wurin kafa murhu sai a ce mata sun ji, su ba sa son wuta. Na bi ta gida wata Asabar da yamma, na same ta a ƙofar gida tana suyar ƙosai a ɗan kasko, babbar 'yarta da ya kamata a ce tana makarantar kwana tana miƙa mata ƙullu. Ta rame. Ta shimfiɗa min tabarma, amma ba ta tsokane ni ba, ko Mai kala-kala ba ta ce ba. Ta ce, "Malam, ko rumfar ba a mayar min ba, ina so in tsaya gaban bencin nan in faɗi nawa. Ɓarawon batir ma an bar shi ya yi magana. Ni na fi shi laifi ne? In na faɗa suka ce ni ce, zan ɗauka. Amma a ji."

Na ce mata za a ji. Na dawo na fara bin 'yan benci ɗaya bayan ɗaya. Oga bai ba ni wuya ba, don tun ranar bai sake nuna min kwalbati ba. Ya ce abincin sabuwar mai abincin da aka kawo ba ya wuce masa maƙogwaro. Baba mai waya ya fi jan rai, ya ce ba ya son abin da zai zubar da girman Alhaji. Na ce masa, "Baba, girman Mama fa, a ina aka zubar da shi?" Sai ya ce zai zauna. Sauran biyun suka biyo baya. Muka kwashe tsummokaran da ke kan benci, muka kakkaɓe shi, muka aika wa Alhaji cewa ranar Asabar bayan la'asar benci zai zauna. Ya ce ba laifi, zai zo.

Mama ta riga kowa isowa. Ta ɗaura zanen zumuntarsu na coci, irin wanda ba ta sawa sai ranar taro, an goge shi tsaf, ta ɗaura kallabi. Tunda an hana ta shiga, sai ta tsaya a wajen ƙofa, a inuwar langa-langa. Na ce mata ta ɗan jira, yanzu za a kira ta. Ta ce ba komai, duk daren jiya tana tsara abin da za ta faɗa, ba za ta ja magana ba.

Muka hau benci mu biyar, garejin ya taru, wasu da kwanon abinci a hannu. Alhaji ya tsaya a gefe inda ciyaman ke tsayawa. Baba mai waya ya buɗe taro, ya ce ba a zo a kama kowa da laifi ba, abu ɗaya ne, a kira matar nan ta faɗi ta bakinta kamar yadda aka gada. Aka bi mu ɗaya-ɗaya, duk mu biyar muka ce a kira ta. Tunda nake kan bencin nan ban taɓa ganin bakinmu ya zo ɗaya da sauri haka ba.

Alhaji ya saurara har ƙarshe, bai katse kowa ba. Ya yi mana godiya. Sannan ya ce, "Na ji shawararku. Amma ba za a kira ta ba. In ta shigo ƙofar nan yau, gobe mai mota zai ji, ya dawo da 'yan sanda. Kuma in na janye wannan, duk maganar da na yi daga yau sai an kawo ta ƙarƙashin bishiya a tattauna. To ba ciyaman ke nan. Ba don kaina nake faɗa ba, don kujerar nake faɗa."

Oga ya miƙe ya ce, "Alhaji, mu biyar fa muka ce."

Ya ce, "Na ji, Oga. Shawara ce, kuma na gode. Kai ka fara kawo tsarin nan."

Oga ya koma ya zauna kamar an zare masa laka. Ni kuwa na hau dokin zuciya. Na juya ga taron na ce to tunda haka ne a ɗaga hannu yanzu a mayar wa benci ikonsa, ko a karɓi makullin. Na ce yau Mama ce, gobe wani cikinku ne. Na ce kun ga dai da idonku mutum biyar sun zama hoto. Ba wanda ya motsa. Wani daga baya ya ce ai wa'adin Alhaji bai cika ba, kuma ba a taɓa cewa ga yadda za a sauke ciyaman ba. Wani ya ce a duba ayyukan da ya yi. Wani ya ce a bar maganar don zaman lafiya. Na wanke su tas, na kira su 'yan amshin shata, na faɗi maganganun da har aka yi wata biyu wasu ba sa amsa gaisuwata. Ban janye ko ɗaya ba. Sun gwammace kwalbati da haƙƙin matar da ta san wanda ba ya cin gishiri a cikinsu.

Shi ya sa har yau in na ji a rediyo ana cewa a bar shugaba ya yi aiki, ai mutumin kirki ne, majalisa da kotu cikas kawai suke kawowa, sai in kashe rediyon. Na san mutumin kirki. Na hau motarsa, na ci abinci kwano ɗaya da shi.

Taro ya watse, kowa ya kama gabansa ta ƙaramar ƙofar baya don kada ya haɗa ido da ita. Ni aka bar wa babbar ƙofa. Da ta ga na fito sai ta gyara ɗaurin zanenta, ta share fuska da gefen kallabi, ta tako kamar za ta shiga. Ta ce, "Sun kira ni?"

Na ce, "Mama, mu biyar duk mun ce a kira ki."

Ta ce, "To mu je."

Na ce, "Ciyaman ya ce a'a."

Ta tsaya tana kallona, kamar tana jiran sauran maganar. Ba sauran. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na ce, "Gaya min abin da kika tsara. Me ya faru ranar Asabar ɗin? Wallahi ni zan shiga rumfa-rumfa in faɗa musu."

Ta girgiza kai. Ta ce, "A'a, Mai kala-kala. In kai ka faɗa, za a ce ɗan adawa ne ya shirya. A gabansu nake so in faɗa, da bakina, Alhaji yana tsaye. In ba haka ba ya zauna a cikina."

Ta leƙa ta ƙofar ta dubi inda rumfarta take, inda sabuwar mai abinci ke wanke kwanoni. Sannan ta tsallaka titi ta tsayar da bas mai zuwa Television. Na bi ta gida sau da yawa bayan nan, na sake tambayar ta, ba ta taɓa faɗa min ba, har suka tashi suka koma garinsu da 'ya'yanta.